Darasi na Farko: Musulunci Addini Ne da Ake Koya

Mafi yawan waɗanda za su zauna a wannan aji cikin Musulunci aka haife su. An yi musu huɗuba a kunne, an yanka ragon suna ran bakwai, sun tashi sun tarar ana salla suka shiga sahu, sun ga ana azumi suka ɗauka. Don haka idan aka ce za a fara da bayanin aƙidar Musulunci da ibadunsa, ba abin mamaki ba ne wani dattijo ya ji kamar an raina shi, ya ce me ya rage a faɗa wa wanda ya shekara arba'in yana ɗora goshi a ƙasa. Tambayar tana da nauyi, kuma wannan darasi duka amsarta ce. Abin da za a kafa wa hujja shi ne, mutum yana iya gadon sunan Musulunci daga iyayensa, amma sanin Musulunci ba a gadonsa, sai an zauna an koya, kuma addinin da kansa ne ya sa sani a gaban aiki. Wanda aka bar wa gona gado yana da gona, wannan ba musu, sai dai rumbunsa ba ya cika sai ya koyi noma ya kuma yi. Za mu bi ginshiƙan addinin mu ga ko akwai ɗaya daga cikinsu da yake tsayuwa ba tare da sani ba.

Hujja ta farko ita ce hadisin da malamai suke fara bayanin addini da shi, wanda Sayyadina Umar ɗan Haɗɗabi ya ruwaito, Imam Muslim ya kawo shi a farkon littafinsa, kuma shi ne na biyu a cikin hadisai arba'in na Imam Nawawi da ake karantawa a zaurukanmu. Wani baƙo mai fararen tufafi, ba alamar tafiya a jikinsa kuma ba wanda ya san shi, ya shigo majalisar Annabi Muhammadu, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya zauna daf da shi ya yi ta tambaya. Ya tambayi Musulunci, aka lissafa masa abubuwa biyar: shaidawa babu abin bautawa da gaskiya sai Allah kuma Muhammadu manzonsa ne, tsai da salla, ba da zakka, azumin watan Ramadan, da hajji ga wanda ya sami iko. Ya tambayi imani, aka lissafa shida: gaskata Allah, da mala'ikunsa, da littattafansa, da manzanninsa, da ranar lahira, da ƙaddara mai daɗi da marar daɗi. Ya tambayi ihsani, aka bayyana masa cewa mutum ya bauta wa Allah kamar yana ganinsa, da sanin cewa ko bai gan shi ba Allah yana ganinsa. Bayan baƙon ya tafi ne Annabi (SAW) ya sanar da sahabbai cewa Mala'ika Jibrilu ne, kuma dalilin zuwansa shi ne ya koya musu addininsu. A lura da waɗanda aka zo koyarwa. Ba sababbin shiga ba ne. Umar yana cikinsu, mutumin da ya musulunta tun a Makka ya kuma yi yaƙin Badar. Idan irin waɗannan aka shirya musu darasi da tambaya da amsa a kan tushen addini, ba wanda zai ce ya fi ƙarfin zama a aji.

Tarihin yadda hukunce-hukuncen suka sauka ma yana nuna haka. Wahayi ya fara ne a shekarar 610 miladiyya a kogon Hira, kuma umarnin farko da ya zo umarni ne na karatu. Annabi (SAW) ya yi kimanin shekara 13 a Makka, mafi yawan abin da ake saukarwa a lokacin bayani ne a kan kaɗaitakar Allah, da tashin ƙiyama, da labarin annabawan da suka gabata. Salloli biyar an wajabta su ne a daren Isra'i da Mi'iraji, gab da hijira. Bayan hijira zuwa Madina a shekarar 622 aka wajabta azumin Ramadan a shekara ta biyu, aka kuma fayyace zakka, sannan Annabi (SAW) bai yi hajjin bankwana ba sai a shekara ta goma, watanni kaɗan kafin rasuwarsa a 632. Uwar muminai A'isha ta yi bayanin hikimar wannan jeri, inda ta nuna cewa da hana giya da hana zina aka fara saukarwa da mutane sun ƙi bari, amma sai aka fara da abin da ke gyara zuciya, da zukata suka natsu sai halal da haram suka biyo baya. Haka kuma da aka aiki Mu'azu ɗan Jabal zuwa Yaman, an umarce shi ya fara kiran mutane zuwa ga shahada, in sun karɓa ya sanar da su salla, in sun karɓa ya sanar da su zakka. Ba a ce ya je ya tara su a sahu su yi ta kwaikwayonsa ba. Imam Buhari ya ware babi guda a littafinsa a kan cewa ilimi yana gaban magana da aiki, ya kafa hujja da aya ta 19 ta Suratu Muhammad, wadda ta fara da umarnin sanin kaɗaitakar Allah kafin ta zo kan neman gafara.

Mu ɗauki imani. Kowa a cikinmu zai ce Allah ɗaya ne, kuma ba wanda ke shakkar gaskiyarsa. Amma kaɗaita Allah yana da abin da yake wajabtawa a rayuwar yau da kullum, kuma a nan ne rashin sani yake yin ɓarna. Wanda ya san cewa Allah kaɗai ke rayawa da kashewa, shi ke azurtawa, shi kaɗai ya san gaibu, ba zai tashi daga masallaci ya nufi gidan boka a duba masa wanda ya hana matarsa haihuwa ba. An ruwaito a cikin Muslim cewa wanda ya je wa mai duba ya tambaye shi wani abu, ba a karɓar sallarsa ta kwana arba'in. Nawa ne daga cikin masu zuwa suka san wannan? Yawancinsu ba taurin kai ne ya kai su ba, ba a taɓa zaunar da su an nuna musu cewa abin da suke yi yana karo da kalmar da suke furtawa ba. Ranar da Ibrahim ɗan Annabi (SAW) ya rasu rana ta yi husufi, mutane suka ce saboda mutuwarsa ne, sai Annabi (SAW) ya tashi, yana cikin baƙin cikin rashin ɗa, ya gyara musu cewa rana da wata ayoyin Allah ne, ba sa husufi don mutuwar wani ko rayuwarsa. Camfi ne wanda zai ƙara masa girma a idon jama'a, amma bai bar shi ya kwana ba. Sauran rukunan imani ma haka suke. Musulmi yana gaskata annabawa duka, tun daga Adamu da Nuhu da Ibrahim da Musa har zuwa Isa ɗan Maryama, yana gaskata cewa an saukar da Attaura da Zabura da Linjila kafin Alƙur'ani mai sura 114, kuma wanda ya san haka ba zai yarda bakinsa ya zagi wani annabi ba don yana gardama da maƙwabcinsa Kirista.

Ƙaddara ita ce rukunin da aka fi yi wa mummunar fahimta, kuma ta cancanci a tsaya a kanta. Sau da yawa za a ji yaro ya kwana uku da zazzaɓi ba a kai shi asibiti ba, ko direba ya ɗauki fasinja da taya ta suɗe, idan abin ya faru a ce haka Allah ya ƙaddara. Gaskiya ne babu abin da ke aukuwa sai da sanin Allah da nufinsa, amma wannan bai ɗauke wa mutum alhakin abin da ya yi da hannunsa ko ya ƙi yi ba, in ba haka ba da hisabi ba shi da ma'ana. Sahabbai sun fi mu imani da ƙaddara, ga kuma yadda suka fahimce ta. A zamanin halifancinsa Sayyadina Umar ya kama hanyar Sham, sai labari ya iske shi cewa annoba ta ɓarke a can. Ya yi shawara, ya yanke hukuncin komawa Madina. Abu Ubaida ɗan Jarrahi ya tambaye shi ko gudun ƙaddarar Allah yake yi, Umar ya amsa da cewa daga wata ƙaddarar Allah suke gudu zuwa wata ƙaddarar tasa. Daga baya Abdurrahman ɗan Aufu ya iso ya ba su labarin abin da ya ji daga Annabi (SAW), cewa kada a shiga ƙasar da annoba take, wanda ke ciki kuma kada ya fita don gudu. Mai ilimi ɗaya ya raba gardamar da manyan sahabbai suka yi ta yi. Dogaro ga Allah da riƙo da sababi tare suke tafiya, kuma ba a gane iyakar kowanne da tsinkaye.

Salla ita ce ibadar da kowa yake ganin ya iya, domin ita ce ake maimaitawa sau biyar kullum: asuba raka'a biyu, azahar huɗu, la'asar huɗu, magariba uku, isha'i huɗu, jimla raka'a 17. To amma yawan maimaita abu ba ya gyara shi idan tun farko a karkace aka koye shi, sai ma ya ƙara kafe kuskuren. Buhari da Muslim sun ruwaito labarin mutumin da ya shigo masallaci ya yi salla a gaban Annabi (SAW), ya zo ya yi sallama, aka ce ya koma ya sake domin bai yi salla ba. Sau uku ana mai da shi, har ya rantse cewa iyakar iyawarsa ke nan, ya roƙi a koya masa. Abin da ya rasa natsuwa ce a ruku'u da sujada da tsakaninsu. Mutumin nan niyyarsa kyakkyawa ce, ba wanda ya tilasta masa zuwa masallaci, amma kyawun niyyar bai sa an ce ya yi salla ba. Kafin sallar ma akwai tsarki. A mazhabar Imam Malik, wadda mafi yawan ƙasar Hausa take bi, farillan alwala bakwai ne: niyya, wanke fuska, wanke hannuwa har gwiwar hannu, shafar kai, wanke ƙafafu har idon sawu, cuɗawa, da jerantawa ba tare da an bari gaɓa ta bushe ba. Wanda ya bar dunduniyarsa ruwa bai taɓa ta ba alwalarsa ba ta cika ba. Akwai wankan janaba da na haila da na biƙi, akwai taimama ga wanda ya rasa ruwa ko rashin lafiya ta hana shi taɓa shi, akwai ƙabli da ba'adi, wato sujada biyu kafin sallama idan an rage sunna mai ƙarfi, ko bayan sallama idan an yi ƙari. Wanda bai san wannan ba yakan yanke sallar da ƙabli kawai take buƙata, ko ya yi ƙabli a kan farillar da ya bari wadda sujada ba ta gyara ta.

A zakka ne rashin sani ya fi fitowa fili, domin ita ibada ce ta lissafi, kuma cutarwar kuskurenta a kan wani take sauka. Mutane da yawa masu hannu da shuni suna kyauta sosai, suna raba shinkafa da atamfa da azumi, suna ganin sun fita. Wannan sadaka ce, Allah ya ba da lada, amma zakka tana da ma'auninta. Kuɗi sai sun kai nisabi, wato ƙimar dinari 20 na zinariya, kimanin giram 85, ko dirhami 200 na azurfa, sun kuma shekara a hannun mai su, sannan a fitar da ɗaya cikin arba'in, wato a kowace naira 40,000 a cire 1,000. Ɗan kasuwa mai saye da sayarwa kullum yana yi wa kayan shagonsa kuɗi idan shekara ta zagayo, ya haɗa da tsabar da ke hannunsa. Manomi kuwa ba ya jiran shekara, zakkarsa ranar girbi take, idan amfanin ya kai sa'i 300, wato mudun Annabi 1,200. Gero ko dawar da ruwan sama ya shayar ana fitar da ɗaya cikin goma, shi ne abin da manoma suka sani da dami ɗaya a cikin goma, amma mai noman rani da ya sha wahalar ban ruwa rabin haka ne a kansa. Makiyayi mai shanu 30 zai ba da maraƙi, mai 40 ya ba da saniya, mai tumaki ko awaki 40 ya ba da ɗaya, mai raƙuma biyar ya ba da akuya ko tunkiya. Sannan ba kowa ake bai wa ba. Aya ta 60 ta Suratu Tauba ta ƙayyade kashi takwas, cikinsu har da faƙirai da miskinai da waɗanda bashi ya yi wa katutu da matafiyin da guzurinsa ya ƙare. Mutum ba ya bai wa wanda ciyar da shi ya riga ya wajaba a kansa, kamar matarsa ko ƙananan 'ya'yansa, kuma ba a mai da ita toshiyar maroƙi ko kyautar neman suna. Duk wanda ya dubi yawan dukiyar da ke juyawa a kasuwanninmu, ya kuma dubi yawan zawarawa da marayu da ke kwana da yunwa a bayan waɗannan kasuwannin, zai gane cewa wannan rukuni bai tsaya da ƙafafunsa ba a cikinmu. Rowa tana da nata kaso a laifin, amma rashin iya lissafin shi ma yana da nasa. Sayyadina Abubakar ya yaƙi waɗanda suka ce za su yi salla amma ba za su ba da zakka ba, domin bai yarda a raba su ba.

Azumi da hajji ba sai an tsawaita ba. Shekarar Musulunci ta wata ce, kwana 354 ko kusa da haka, shi ya sa Ramadan yake matsowa da kimanin kwana 11 kowace shekara, wani lokaci ya faɗo cikin zafin bazara, wani lokaci cikin hunturu. Kame baki daga ketowar alfijir zuwa faɗuwar rana kowa ya sani. Abin da ake yawan jahilta shi ne rangwamen da ke ciki: marar lafiya da matafiyi suna iya sha su rama, mai haila tana rama azumi ba ta rama salla, wanda kuwa ya karya da gangan kaffara ta hau shi, ciyar da miskinai 60 ko azumin wata biyu a jere. Akwai masu ciwon da likita ya hana su azumi suna dagewa har su galabaita, suna zaton taƙawa ce, alhali sauƙin da Allah ya ba su suka ƙi karɓa. Hajji sau ɗaya ya wajaba a rayuwa, kuma ga mai iko kaɗai, rukunansa su ne harama da ɗawafi da sa'ayi tsakanin Safa da Marwa da tsayuwar Arfa ran 9 ga Zulhajji. Kakanninmu sun taka da ƙafa ta Barno da Chadi da Sudan, suna aiki a hanya suna tara guzuri shekara da shekaru, har wasu suka zauna a can, zuriyarsu na nan a Sudan har yau. Wannan himma abin girmamawa ce. Sai dai wanda ya ci bashin da ba zai iya biya ba, ko ya bar iyali ba abinci don a kira shi Alhaji, bai fahimci sharaɗin iko ba.

To, a nan wani zai kawo ƙorafi mai ƙarfi. Zai ce ai mun ga masu ilimin, wasu sun haddace littattafai amma suna cin dukiyar marayu, ga kuma tsohuwa a ƙauye ba ta san alif ba amma ba ta taɓa cin haƙƙin kowa ba, wa ya fi wani? Wannan magana akwai gaskiya a cikinta, kuma addinin bai ɓoye ta ba. Shi ya sa tambayar Jibrilu ba ta tsaya a rukunai ba, ta wuce zuwa ihsani. Alƙur'ani ya bayyana cewa salla tana hana alfasha da mummunan aiki, an wajabta azumi don a sami taƙawa, sura guda ta buɗe da narko a kan masu tauye mudu, wata kuma ta haɗa masu riya a salla da masu tunkuɗe maraya. Annabi (SAW) ya siffanta matsiyacin gaske da wanda zai zo ranar ƙiyama da salla da azumi da zakka, amma ya zagi wannan, ya ci dukiyar wancan, ya doki wani, a yi ta kwasar ladansa ana biyansu har ya ƙare. Saboda haka malamin da ke cin amana ya saɓa wa iliminsa ne, kuma hujja ta fi tsananta a kansa. Amma a lura da wani abu: da me muka gane cewa ya yi laifi? Da ilimin da ya ce cin dukiyar maraya haramun ne. Ita ma tsohuwar, amanar da take riƙewa wani ne ya koya mata, ko uwarta ko malamin unguwa ko wa'azin da ta ji, ilimi ne da ya iso mata ta kunne. Inda kuma bai iso ba, kamar rabon gado ko hukuncin idda, kyawun zuciyarta ba zai hana a zalunce ta ba, ko ita ta zalunci 'yarta ba da saninta ba. 'Ya'ya mata nawa aka hana rabonsu na gona da sunan al'ada, a gidajen da ba a fashin salla?

Wani kuma zai ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, shi lokacinsa ya wuce, ga kuma Larabci bai iya ba. Hausawan da suka yi wannan karin magana su ne kuma suka ce gemu ba ya hana ilimi. Buhari ya ambata cewa sahabban Annabi (SAW) sun yi karatu da girmansu, kuma hankali ma ya nuna haka, tunda Abubakar da Umar da Usman duk manya ne lokacin da suka fara jin Alƙur'ani. Maliku ɗan Huwairis da abokansa kwana ashirin suka yi a Madina, aka mai da su gida su koya wa mutanensu. Abin da ya wajaba a kan kowane baligi mai hankali ba shi ne ya zama mai fatawa ba, wannan wasu in sun yi sun ɗauke wa saura. Wajibin kowa shi ne ya gyara imaninsa, ya san hukuncin tsarki da salla da azumi, mai dukiya ya san zakka, ɗan kasuwa ya san abin da ke ɓata ciniki, mai aure ya san haƙƙin aure. Wannan gwargwadon ba ya fi ƙarfin kowa. Game da harshe kuwa, Fatiha da surorin salla da Larabci ake karanta su, amma fahimta da harshen uwa ake yinta, kuma haka malamanmu suka saba tun da: a karanta Ahalari ko Ishmawi ko Iziyya ko Risala da Larabci, malam ya fassara da Hausa kalma bayan kalma. Yau ga tarjamar ma'anonin Alƙur'ani da Hausa ta Shaihu Abubakar Mahmud Gumi, ga tafsirin azumi a masallatai da rediyo, ga ƙananan littattafan fiƙihu da boko da ajami a bakin kowace kasuwa. Babban abin da ya tsaya tsakanin mutum da su shi ne iya karatu, kuma shi ne ya tara mu a wannan aji.

Tarihin ƙasarmu ma shaida ne. Littafin tarihin Kano ya ba da labarin cewa Wangarawa sun zo daga Mali da Musulunci a zamanin Sarki Yaji, a ƙarni na 14, sannan a zamanin Sarki Yakubu Fulani suka zo da littattafan tauhidi da na lugga, a zamanin Muhammadu Rumfa kuma, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, Shaihu Magili ya sauka a Kano ya rubuta wa sarki nasiha a kan mulki. Duk da haka, bayan shekara ɗari uku, Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda ya rayu daga 1754 zuwa 1817, ya tarar da jama'a masu sunan Musulunci da yawansu ba su san farillan addininsu ba, kuma kafin a kai ga yaƙi ya shafe shekaru masu yawa yana yawon wa'azi da karantarwa a Gobir da Kabi da Zamfara. Ya yi kakkausar suka ga malaman da ke karantar da ɗalibai a zaure su bar matansu da 'ya'yansu mata cikin duhu. Ba sabon abu ya kawo ba, domin tun a Madina mata sun nemi Annabi (SAW) ya ware musu rana ta karatu, ya kuma ware. 'Yar Shehu, Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ta rubuta da Larabci da Fulatanci da Hausa, ta kuma kafa tsarin 'Yan Taru, inda dattijan mata da ta horar, waɗanda ake kira jaji, suke kai karatu ga matan ƙauyuka. Maigidan da yake hana matarsa zuwa islamiyya ko ajin yaƙi da jahilci, shi kuma bai koya mata ba, ya sani cewa al'adar da yake karewa ita ce wadda Shehu ya yi wa'azi a kanta.

Saura ƙorafi ɗaya, wanda ya fi damun mutanen yau. Za a ce malaman ma kansu bai haɗu ba, wannan ya ce a saki hannu a salla wancan ya ce a kama, wannan ɗan ɗariƙa wancan ɗan Izala, wa za a bi? Rashin jituwar gaskiya ce, kuma ta raba masallatai da zumunta a wurare da yawa. Amma mai ƙaramin sani ne ya fi shan wahalarta, domin bai iya bambanta tushe da reshe ba, sai ya ɗauki kowane saɓani a matsayin fita daga addini. Wanda ya yi karatu ya san cewa mazhabobin Ahlus Sunna huɗu, ta Abu Hanifa da Malik da Shafi'i da Ahmad ɗan Hambali, sun yi saɓani a rassa da dama, Shafi'i ma ɗalibin Malik ne, Ahmad kuma ya ɗauka daga Shafi'i, ba kuwa wanda ya kafirta wani. Ya san saki ko kamun hannu ba ya cikin farillan salla a wurin kowa daga cikinsu. Rukunai biyar da shida da Jibrilu ya tambaya, yawan raka'o'i, watan azumi, alƙibla, haramcin zalunci da ƙarya da cin kuɗin ruwa, duk waɗannan ba a saɓa a kansu ba, kuma su ne abin da darussan da ke tafe za su bi ɗaya bayan ɗaya, farawa da tsarki. Kafin zama na gaba, kowa ya je wurin malami ko malama da ya amince da iliminsu da halinsu, ya yi alwala a gabansu ya karanta Fatiha, ya roƙi a gyara masa, ya kuma zo da tambayar da ta daɗe a ransa yana jin nauyin yinta.